Gwiwar Ba-Motsi

Shagona da nasa bango ɗaya ya raba. Ni tela ne, shi mai gyaran fanka, kuma mun daɗe a haka har na san tarinsa ya san nawa. In kekena ya yi shiru sai ya ƙwanƙwasa bango ya tambaya ko barci ya sace ni. Ni kuma in na ji ƙaurin waya sai in leƙa in tambaye shi ko yau ne zai ƙone mu gaba ɗaya. Wasu a layinmu Mai Fanka suke ce masa, amma sunan da ya fi bin sa, wanda kuma ya fi so, shi ne Ba-Motsi. Ina wurin aka sa masa sunan, ina wurin ya sauke shi da kansa, kuma a tsakanin nan babu wanda ya sha haushin sunan kamar ni.

Dogo ne siriri, mai ƙananan idanu, ba ya son hayaniya. Kusoshinsa kowane girma da gwangwaninsa. In aka kawo masa fanka ba ya buɗe ta nan take, sai ya kunna, ya ɗora bakin sukundireba a jikinta, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai jin labari. Ba ya mayar wa mutum fankarsa sai ta yini tana juyawa a gabansa, ko da kuwa mai ita na tsaye yana zufa. Mutumin kirki ne, ba na musu. Aibinsa ɗaya: bakinsa bai iya cewa ya yi kuskure ba. In gyara ya ƙi, to wayar ce ba ta da kyau, ko wutar ce ta yi ƙarfi, ko ni ne na dame shi da surutu.

Teburin ya shigo rayuwarsa ne lokacin da aka rufe wani tsohon gidan sinima, aka kira shi ya kwance fankokin sama. A ɗakin ajiya, bayan tarin karyayyun kujeru, ya ga wani dogon akwati mai ƙafa huɗu da gilashi a samansa. Mai gadi ya ce abin wasa ne, finbol ake ce masa, ya mutu tun tuni, masu sayen tsohon ƙarfe ake jira. Mai Fanka ya ce a bar masa. A amalanke ya turo shi har gida. Matarsa ta fito ta dube shi, ta dubi akwatin, ta ce ita dai ɗakinta ba zai ɗauke su su uku ba, sai ya zaɓa. Shi ya sa teburin ya zauna a ƙuryar shago, tsakanin matattun fankoki. Ya fi shekara yana fama da shi, yana naɗa waya yana kwancewa, har ranar da na ji wata ƙararrawa ta cikin bango na zabura na ɗinke aljihun mutum.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba wuya. A ƙarƙashin gilashin akwai fili a karkace, gangarensa na fuskantar mai wasa, cike da 'yan turaku masu roba da fitilu. Kana jan wani ɗan sanda ka saki, sai ƙwallon ƙarfe mai sheƙi, bai wuce ƙwan tattabara ba, ya haura sama ya gangaro yana karo da turakun. A can ƙasa akwai rami, a bakin ramin kuma 'yan fukafukai biyu, na dama da na hagu, kowanne da maɓallinsa a gefen akwatin. Aikinka ka riƙa doke ƙwallon da su kada ya faɗa. Sai dai a kowane gefe akwai wani siririn lungu da ya zagaye fukafukan ya zarce rami. In ƙwallo ya shiga nan sai dai ka bi shi da kallo. A cikin akwatin kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai reto a tsakiyar zobe. In ka jijjiga teburin don ka ceci ƙwallonka, ƙarfen ya taɓa zoben, fitilu su mutu, fukafukai su saki jiki. Wannan ɗan ƙarfen alƙali muke ce masa.

Da yamma in an fara rufe shaguna sai a taru, mai walda da mai shayi da wasu direbobi, da ni. Kowa in ya kama maɓallan nan sai ka rantse kokawa yake da wani: a karkata kafaɗa, a cije leɓe, a buga ƙugu, alƙali ya yanke hukunci a yi ta dariya. Shi kuwa Mai Fanka sai ya tsaya ƙyam, kafaɗunsa a daidai, babu abin da ke motsi sai yatsu biyu. Alƙali bai taɓa kama shi ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne lungun hagu, wanda ya cinye ƙwallon kowa, bai taɓa cin nasa ba. Ƙwallon zai zo bakin lungun, ya hau kan ɗan turken da ke wurin, ya yi kamar yana shawara, sai ya yi tsalle ya koma dama ya gangaro kan fiffike. Mai shayi ne ya fara cewa ƙwallon tsoronsa yake ji, mai walda kuma ya raɗa masa Ba-Motsi. Ya karɓi sunan ba tare da ya yi murmushi ba, amma na ga kunnuwansa sun ji daɗi.

To ni na san abin da na sani. Ni nake ɗinka masa wando, ni kuma nake masa faci. Duk wandon da ya kawo, wuri ɗaya yake cinyewa: gwiwar hagu, ta gefen waje. Na tambaye shi, ya ce durƙuson aiki ne. Na ce ni dai duk mai durƙuson da na sani da gwiwa biyu yake yi, kuma ta gaba. Ga shi kuma a cikin ƙafafun teburin nan huɗu, ta gaba ta hagu kaɗai yake yawan shafa wa fenti. Sai na daina kallon gilashi in yana wasa, na koma kallon ƙasa. Na gani kuwa. Ɗan taɓi ne, bai kai a kira shi duka ba, kamar yadda za ka taɓa abokinka a cikin taro don ya yi shiru. Kafaɗa ba ta sani ba, alƙali bai sani ba, gwiwa ce kawai da ƙafar tebur.

Wata yamma ya cinye ni a gaban mutane har ana yi mini waƙa, haushi ya ɗebe ni na shiga shago na ɗauko wandonsa na ɗaga sama na yi bayani. Babu wanda ya yarda da ni. Aka ce zafin kaye ne. Shi kuwa washegari sai ya aiko a kwashe masa kayansa kaf, ya kai wa wani tela a bayan kasuwa. Watanni bangon nan bai ji ƙwanƙwasa ba, kuma ba zan ɓoye ba, shirun ya dame ni. Matarsa ce ta shirya mu, bayan wancan telan ya yi masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na yi masa alkawarin ba zan sake ta da maganar a gaban kowa ba. Na cika alkawari, na ci gaba da faci bakina alaikum.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, a gindin teburin nan ta girma. Tun ba ta kai tsawon gilashin ba take hawa akwatin lemo ta leƙa. Ita wasan kansa bai dame ta ba. Abin da take so shi ne ta riga ƙwallon: yana can sama tana ɗora yatsa a gilashi inda take ganin zai sauko. In ta dace ta yi ta tsalle, in ta kuskure ta ɓata rai ta ce a sake. Kullum gilashin cike yake da shatin yatsunta, uban yana gogewa yana faɗa, amma bai taɓa ɗauke akwatin lemon ba. A makaranta kuwa duk wanda ya zauna kusa da ita sai ya ji cewa babanta ne Ba-Motsi, wanda bai taɓa jijjiga tebur ba.

Ta girma ta yi karatun injiniya, ta zarce digiri na biyu. Da lokacin babban aikinta na ƙarshe ya zo, sai ta ce abin da take yi da yatsa tana ƙarama shi za ta koya wa na'ura: ta ga ƙwallo, ta faɗi inda zai je kafin ya je, ta danna maɓalli da kanta. Na tambaye ta amfanin injin da zai yi wa mutum wasansa, ko akwai injin da zai sha mini shayina ma. Ta yi dariya ta ce abin da ya iya hango ƙwallon nan zai iya hango kwalba a masana'anta ko kaya a kan bel ɗin da ke jan su, teburin wurin gwaji ne kawai.

Mai walda ya haɗa mata wani ƙarfe kamar ƙofa, aka ɗaure shi da noti a jikin teburin don kada ya goce, aka rataye kyamara a sama tana kallon filin. Ta yi mini bayani cewa na'urar ba a gaya mata dokokin wasa, kallo take yi. In ta ga ƙwallo ya bi hanya sau da yawa sai ta riƙe, kamar yadda hannuna ya riƙe inda allura za ta faɗa. Ana bukatar wasa mai yawa ke nan, kuma wa ya kai babanta daɗewa da ƙwallo ɗaya? Duk hutun nan shi ya yi ta wasa kyamara na ɗauka. Kullum sai ya sa rigarsa mai kyau ya taje gemu, duk da an gaya masa kyamarar ƙwallo kaɗai take gani.

Bayan ta koma makaranta ne ya faɗo daga tsani, yana rataya fanka a wani ofis. Gwiwar hagu ce ta bugu. Ya yi jinya ya tashi, yana tafiya da sanda, yana aikinsa a zaune. Amma bai sake taɓa maɓallan nan ba. In aka matsa masa sai ya ce tsayuwa na gajiyar da shi. Mutane suka yarda. Ni na san ba tsayuwar ba ce, kuma wannan karon ko a zuciyata ban yi masa dariya ba.

Auta ta dawo da kwamfutarta da wasu 'yan ƙarafa biyu masu tura maɓalli, ta ɗaura su a gefen teburin. Ranar da ta kunna, layin namu ya cika shagon. A allon kwamfutar ana ganin ƙwallon, a gabansa kuma wani koren layi na gudu yana nuna inda zai bi. Ƙwallon na bin layin kamar akuya da igiya. Fukafukai na tashi su kaɗai babu hannun kowa. Mai shayi ya ja da baya yana salati, uban kuwa na zaune a benci yana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar sun gani.

Sai ƙwallo ya nufi lungun hagu. Koren layin ya zo kan ɗan turken nan ya lanƙwasa dama, fiffiken hagu ya tashi ya doki iska, ƙwallon kuwa ya sulale cikin lungu ya faɗa rami. Aka yi dariya aka ce tuntuɓe ne. Aka sake, haka. Aka kuma, haka. Ko'ina a filin nan layin gaskiya yake faɗa, amma a wannan kusurwar kullum sai ya ce ƙwallo zai dawo. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne tunda na'urar ta ɗauka wurin babu hatsari, can ma take ta aika ƙwallon da kanta.

Yarinyar nan babu abin da ba ta duba ba. Ta aro ma'aunin ruwa wurin magina ta gwada karkatar teburin. Ta canja robar turken, ta canja ƙwallo, ta goge filin har yana ɗaukar ido. Ta leƙa ƙarƙashi ko akwai maganaɗisu. Ta koma kan tsofaffin hotunan wasan babanta, ta ga lallai a can ƙwallon tsalle yake yi ya dawo, kuma hoton ko girgiza ba ya yi. Ba zai girgiza ba mana, tunda kyamarar a jikin teburin take ɗaure, in ya motsa tare suke motsawa. Wannan daga baya ta gane shi. A lokacin dai malaminta ya ce kada ta kawo masa aikin sai ta san dalilin kuskuren, ga ranar gabatarwa na matsowa, in ta wuce ta sai wata shekara.

Ina jin su ta bango ranar da ta tambaye shi.

“Baba, don Allah kada ka ji haushi. Ko kana ɗan taɓa teburin in ƙwallo ya zo nan?”

“Ni? Fita ki tambayi layin nan kaf sunana.”

Sai na ji tana ba shi haƙuri. Wannan haƙurin da ta bayar shi ya sa na kasa taka keke.

Bayan kwana biyu ta kawo mini siket in rage mata, ta zauna a kan buhun ƙyallaye ba ta tafi ba. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce ta bi lissafinta daga farko har ƙarshe ba ta ga inda ta ɓata ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro, don wanda ba ya ganin kuskurensa bai cancanci aikin ba. Ta ce ƙila iyakar kanta ke nan. In ta wuce ranar nan ba za ta koma ba, gara ta nemi wani abin yi. Ban gaya mata maganar gwiwar ba. Alkawari na yi, kuma ko na faɗa, ta taso tana jin cewa ni Baba Tela mai zafin kaye ne. Na ce mata ta dawo gobe ta karɓi siket.

Washegari da safe, kafin masu fanka su fara zuwa, na shiga shagonsa na janyo ƙofa. Yana naɗa waya, bai ɗago ba. Na ce alkawarina a gaban mutane ne, nan kuwa daga ni sai shi sai fankoki. Na gaya masa abin da 'yarsa ta faɗa a kan buhuna, ban rage komai ba. Ya ci gaba da naɗi har na ɗauka korata zai yi. Can ya ajiye wayar ya ce farkon abin ba da gangan ba ne, tuntuɓe ya yi gwiwarsa ta taɓa ƙafar, ƙwallo ya dawo, aka yi ta tafi. Daga nan gwiwar ta koya, ko ya hana ta ba ta ji. Kafin ya farga an sa masa suna.

“Tela, ni ban yi karatu ba, ban tara komai ba,” in ji shi. “Abu ɗaya yarinyar nan take faɗa a kaina tana ɗaga kai. Shi kake so in karɓe?”

“Ba ni nake so ba,” na ce. “Amma yanzu saboda ta yarda da kai ta daina yarda da kanta. Ka san abin da za ka yi da wannan.”

Ya ɗauki wayarsa ya ci gaba da naɗi. Na koma shagona ina jin haushinsa ina jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa.

Da yamma Auta ta zo da sifana za ta kwance kyamarar ta mayar makaranta. Ya ce ta dakata. Ya yi ta jan ta da hira har masu shaguna suka fara taruwa, abin da ya ba ni mamaki, don na ɗauka in ma zai yi magana a ɓoye zai yi. Sai na lura da wandon da ke jikinsa, wani tsoho ne mai facina a gwiwar hagu. Ya ce ta cire 'yan ƙarafan nan masu tura maɓalli amma ta bar allon a kunne. Ya miƙo mini sandarsa ya tsaya a gaban teburin. An daɗe ba a ga wannan tsayuwar ba.

Hannun na nan yadda yake. Ya yi ta wasa, koren layi na gaba ƙwallo na biye, har ya aika shi kusurwar hagu da gangan. Ƙwallon ya hau turke. Na ga gwiwar ta yunƙura ta nufi ƙafar teburin, amma babu ƙarfi a cikinta, fuskarsa ta yamutse don zafi. Ƙwallon ya bi lungu ya faɗa. Babu wanda ya yi dariya. Mai shayi ya ce ai rashin sabo ne, a ba shi lokaci.

“Tela,” ya ce, bai dube ni ba. “Zo ka tsaya nan. Ka san wurin.”

Na je na tsaya a gefen ƙafar hagu. Ya ce wa Auta ta sa ido ɗaya a allo, ɗaya a gwiwata. Ya saki ƙwallo na biyu, ya kai shi kusurwar. Ni kuma da ɗoki na kai wa ƙafar nan duka kamar mai korar kare. Alƙali ya kama ni nan take, fitilu suka mutu. Wurin ya ɓarke da dariya. Shi ma ya girgiza kai ya ce shekara da shekaru ina leƙen ƙafarsa ashe ban koyi komai ba, taɓawa ake yi, kuma sai ƙwallon ya zauna a kan turke, ba kafin nan ba. Ina jin a nan ne dariyar ta fara mutuwa, don mutane sun ji abin da ya faɗa.

Ƙwallo na uku ya daɗe kafin ya zo. Da ya hau turken ya yi ɗan tsayawar nan tasa, na taɓa ƙafar a hankali. Ya yi tsalle ya koma dama. A allon kuwa ya bi lanƙwasar koren layin nan daidai, bai kauce ko kaɗan ba, ya gangaro kan fiffike. Mai Fanka bai doke shi ba. Ya sauke hannuwansa ya bar shi ya wuce rami.

“Lissafinki daidai ne, Auta,” ya ce. “Abin da ya gani shi ya koya. Ni ne kyamararki ba ta gani ba.”

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta durƙusa ta shafa ƙafar teburin inda fenti ya hau kan fenti har ya yi tudu, ta dubi facin da ke gwiwarsa.

“Na tambaye ka, Baba.”

“Kin tambaye ni,” ya ce.

Ta rufe kwamfutarta ta fita. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Na miƙa masa sandarsa. Shekaru ina jiran ranar da za a ce gaskiyata ce, ga ta ta zo, ban ji daɗin komai ba. Na taimaka masa ya rufe shago muka taka tare har kwanar gidansu.

Washegari ba ta zo ba. Ya yini yana kallon ƙofa, fanka ɗaya a gabansa ya kasa gamawa. Kashegarin wannan sai ga ta da kwamfuta. Ta gaishe shi a taƙaice ta janyo kujera kusa da shi. Ta ce tana bukatar a bi tsofaffin hotunan nan duka a ware duk inda ƙwallo ya juya don an taɓa tebur, kuma babu wanda zai iya warewa sai wanda ya taɓa. Haka suka zauna kwanaki. Ina ɗinki ina jin muryarsa ta bango: “Nan ni ne. Nan ba ni ba ne. Nan ma ni ne.” Mutumin da bakinsa bai taɓa iya wannan maganar ba, sai ga shi yana maimaita ta tun safe har yamma. Da farko a ciki-ciki yake faɗa. Daga baya na ji har gardama suke, yana cewa ta koma baya, akwai wani da ta tsallake, shi ma shi ne.

Ta gabatar da aikinta a kan lokaci ta ci. Ta ce malamin ya fi daɗewa a kan labarin kuskuren fiye da sauran aikin, har ya sa ta liƙa wata 'yar na'ura a ƙafar teburin mai jin ko ɗan taɓi. Yanzu tana aiki a wani kamfani da ke haɗa injinan tantance kaya. Kyamarar da tsohuwar kwamfutar ta bar su a shagon.

Mutanen layi ba su daina ce masa Ba-Motsi ba, baki ya riga ya saba, amma in aka faɗa yakan ce Mai Fanka ma ya isa. Ya daina shafa wa ƙafar nan fenti, har ya kankare tudun, ƙarfen ya fito fili yana sheƙi. Wandunansa kuma sun daina zuwa faci, abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba.

In Auta ta zo hutu takan kunna na'urar da yamma mu zauna a benci mu uku muna kallo. Yanzu in ƙwallo ya hau turken hagu, koren layin miƙewa yake yi cikin lungu, ƙwallon ya bi shi ya faɗa. Ni a wannan lokacin ba allo nake kallo ba, tsohon hali ya hana. Gwiwarsa nake kallo, tana ɗan zabura a zaune, tana neman ƙafar teburin da ba ta kusa. Ita ma Auta ta lura. Takan ɗora hannunta a kan gwiwar ta bar shi nan har a saki wani ƙwallon.